Ɗan dashe ya ƙi cika gurbinsa: amsa ga wani kafinta daga Tawa

"Maigida, barka da aiki. Ni kafinta ne a Tawa, shekarata huɗu da buɗe shagon kaina. Na sayo tsohon injin defonsas a Yamai domin in riƙa dasa ado a ƙyamaren armuwar da kan gadon amare, wato in fafe gurbi a jan katako in cusa fari mai siffar tauraro ko jinjirin wata. Na yanka gabari da filawud, wato allon da aka huda siffar ado a jikinsa domin inji ya bi, amma duk wanda na yi sai ya bar rata a gefe, wani kuma ya ƙi shiga sam. Guda ɗaya da ya zauna daidai cikin damina, da hunturu ya shigo sai ya buɗe baki har farce na shiga. Hannuna ne bai zauna ba, ko injin ne ba shi da kyau?"

Ɗana, barka kadai. Idan na fahimce ka, abu biyu ne suka dame ka, kuma ba uwarsu ɗaya ba: ratar da ke bayyana tun ranar yanka, da ratar da ke zuwa bayan watanni alhali aikin ya bar shago lafiya. Ka ɗora wa hannunka laifi, kuma na ji daɗin hakan domin alamar mai son gyara ce, amma a ganina hannun naka shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma. Hannun da ke rawa yakan bar ɓarna wuri guda, kamar cizon ɓera a gefen ɗan dashe, wato guntun adon da ake cusawa a gurbi. Ratar da ta zagaye siffa gaba ɗaya da faɗi iri ɗaya kuwa lissafi ne ya haife ta, wadda ta jira hunturu kuma ruwan da ke cikin katako ne. Ban riƙe injinka ba, ban kuma ga aikin da idona ba, saboda haka zan bi da kai ta hanyar da nake bi idan yaron shagona ya kawo mini irin wannan ƙorafi.

Lissafin zobe da haƙori

Wannan inji, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira rawta, ba ya yanka a kan layin gabari. A ƙasansa ana ɗaura zoben jagora, haƙori, wato ƙarfen yanka mai juyawa, ya fito ta tsakiyarsa, zoben ne ke gogar bangon gabari yayin da haƙori ke cin katako ɗan nesa da bangon. Haƙorin kuma yana da nasa faɗi, duk inda ya bi sai ya cinye hanya daidai kaurinsa. A nan matsalar take kwance. Idan kana fafe gurbi, gefen haƙori na waje shi ke zana iyakar gurbin. Idan kana yanke ɗan dashe, gefensa na ciki shi ke zana iyaka. Wanda ya yi aiki da zobe ɗaya a wurare biyun zai sami ɗan dashe da ya gaza gurbinsa da cikakken kaurin haƙori ta kowane ɓangare, wato da haƙori mai milimita 3 rata za ta kai milimita 3 ko'ina. Ina kyautata zaton farkon abin da ya same ka ke nan, domin kusan kowa da shi yake farawa.

Maganin shi ne zobe biyu, babba da ƙarami, a kan gabari guda. Da babban ake fafe gurbi, da ƙaramin ake yanke ɗan dashe, kuma ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce faɗin babban zobe ya ɗara na ƙaramin da kaurin haƙori sau biyu. Ka ɗauki haƙori mai milimita 3, ƙaramin zobe mai 8, babba mai 14. Da babban zobe tsakiyar haƙori tana nesa da bangon gabari da milimita 7, a cire rabin kaurin haƙori, iyakar gurbi ta tsaya a 5.5. Da ƙaramin zobe tsakiyar tana milimita 4, a ƙara rabin kaurin haƙori, iyakar ɗan dashe ma ta tsaya a 5.5. Layi biyun sun hau kan juna, shi ke nan. Da wannan lissafi za ka iya haɗa duk abin da ka samu a kasuwa: zobe mai 17 da mai 27 suna tafiya da haƙori mai 5, mai 24 da mai 30 suna tafiya da haƙori mai 3, sai dai gwargwadon girman zobe gwargwadon yadda zai kasa shiga lungunan ado. Akwai kuma wanda ake sayarwa a haɗe, zoben tagulla guda da ƴar rigar da ake zura masa: a sa riga a fafe gurbi, a tuɓe riga a yanke ɗan dashe. Wannan ya fi mini, domin ba a kwance komai tsakanin yanka biyun. Wanda bai samu ba, mai injin gurza ƙarfe zai iya yi masa rigar, muddin ya kai masa zoben da haƙorin ya auna da kansa, kaurin bangon rigar ya zama daidai da kaurin haƙori.

Yanzu ga inda nake jin ka fi cutuwa, tunda ka ce wani yana barin rata wani kuma yana ƙin shiga. Kayan aikin da ke zube a kasuwar Katako ta Yamai da sauran kasuwanninmu daga duniya biyu suke fitowa. Na Faransa da Jamus da milimita aka ƙera su, na Amurka kuwa da inci, waɗanda ake kawowa daga Sin kuma akwai na wannan akwai na wancan. Haƙorin da ake kira ɗaya bisa takwas na inci kaurinsa milimita 3.175 ne, ido ba ya bambanta shi da mai 3 cif, kuma mai sayarwa zai miƙo maka kowanne da zuciya ɗaya ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Idan ka sa mai 3.175 a zoben da aka yi domin mai 3, za a sami ratar milimita 0.175 ta kowane gefe, kusan kaurin takarda biyu, kuma tsakanin farin katako da ja wannan layi baƙi ƙirin yake fitowa da zarar an shafa fenti mai sheƙi. Idan ka juya, ka sa mai 3 a zoben inci, ɗan dashe zai fi gurbinsa da milimita 0.35 daga gefe zuwa gefe, ba zai shiga ba sai da guduma, guduma kuwa tsaga shi za ta yi. Ka riƙe wannan: haƙori ya yi ƙiba, rata, haƙori ya rame, matsi. Ka nemi ma'aunin kauri mai zamiya irin na makanikai, kuma kada ka tsaya ga auna haƙorin, ka yanka layi a guntun katako ka auna faɗin hanyar da ya bari, domin tsohon inji mai girgiza yakan ci fiye da kaurin haƙorinsa.

Tunda tsohon inji ka saya, ka duba makamar da ke riƙe ƙafar haƙori. Ta Turai milimita 6 ko 8 ko 12 ce, ta Amurka kwatan inci ce, wato 6.35. Ƙafa mai 6 a cikin makama mai 6.35 za ta yi kamar ta kamu, amma a tsakiyar aiki haƙorin zai sulluɓo ya huda katako, ko ya fice yana juyi fiye da sau dubu 20 a minti. Wannan ya wuce maganar ado, maganar ido da yatsa ce.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi, shi ne ko haƙori yana tsakiyar zobe cif. Kusoshin da ke riƙe farantin ƙasa suna da ɗan wasa, kuma idan zoben ya karkata da rabin milimita, rata za ta fito a gefe ɗaya, matsi a ɗaya gefen. Ana daidaita shi da wani ƙarfe mai kan mazurari da ake ɗaurawa a makama kafin a ɗaure kusoshin. Idan babu shi, ga dabarar da na daɗe ina amfani da ita: na ɗiga jan fenti a gefen farantin, kuma tun daga farkon yanka har ƙarshensa ɗigon nan yana fuskantar cikina, ba na barin injin ya juya a hannuna ko da ina zagaya siffa. Haka nake yi a gurbi, haka nake yi a ɗan dashe. Karkatar tana nan, amma tunda ta ture yanka biyun zuwa ɓangare guda, sai ta kashe kanta.

Gabari da yanka

Duk abin da ke jikin gabari sai ya fito a aiki, har tabon da ba ka gani ba sai ka shafa da yatsa. Filawud ɗin da ake samu da araha yakan kasance da ramuka tsakanin ɓawonsa, zobe ya faɗa ciki ya bar ƙari a gefen ado, shi ya sa na fi son MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, mai kaurin milimita 6 zuwa 9, in goge bangon da samfefa har ya yi sumul, sannan in shafa masa gam mai saurin kamawa domin ya taurare. Kaurin gabari dole ya fi tsawon wuyan zobe, in ba haka ba zoben zai riƙa jan ciki a kan aikinka. Kada ka manta ramin gabari ya fi adon da kake so girma, da lissafin da na ba ka da milimita 5.5 ta kowane gefe, kuma ka bar masa faɗin fili a kewaye yadda injin zai zauna daram ba tare da ya gincira ba.

Ni da ɗan dashe nake farawa, domin a nan ake asara. Wurin fafe gurbi idan zobe ya rabu da bango, cikin gurbin ya shiga, wurin da dama za a cinye. Wurin yanke ɗan dashe kuwa rabuwar ƙiftawar ido ta isa ta lalata shi. Saboda haka zobe yana manne da bango kafin haƙori ya sauka, yana manne har a ɗaga shi, kuma tafiyar ta bi yadda hannun agogo ke juyawa, domin a cikin rami wannan ita ce hanyar da juyin haƙori ke tura zobe ga bango maimakon ya janye shi. Haƙori mai milimita 3 siriri ne, na karbaid kuma, wato ƙarfen nan mai tsananin tauri, ba ya lanƙwasa sai dai ya karye, don haka a sauka kaɗan-kaɗan, kamar milimita ɗaya da rabi a kowane zagaye, a tsaya a hure garin katako daga hanya, domin garin da ya taru tsakanin zobe da bango ma yana ture yanka. Wanda ya fi dacewa shi ne haƙori mai murɗe da ke danna zaren katako ƙasa, ba ya tayar da gashi a baki. Idan wuta ta ɗauke kana tsakiyar yanka, ka kashe makunni tukuna kafin ka motsa komai, kada ta dawo haƙori yana cikin katako.

Kaurin ɗan dashe milimita 3 ya wadatar. Siririn falanki sai an manne shi a kan wani katakon banza da salatif mai gam fuska biyu, musamman daidai ƙarƙashin adon, domin lokacin da yanka ya zagayo ya haɗe, idan ɗan dashe ya motsa haƙori zai cafke shi. Wata hanyar ita ce a zana siffar a katako mai kauri, a nutsa milimita 4, sannan a tsaga fuskar da zarto adon ya faɗo. Ko wacce ka bi, ka sa alamar fensir a fuskar sama. Tauraro ba ya damuwa, amma ganye ko duk wata siffa da damanta ya bambanta da hagunta, idan ta kife ba za ta shiga ba. Gurbi kuma ya gaza kaurin ɗan dashe da kamar rabin milimita, domin ya ɗan ɗago a kankare shi daga baya.

Game da tauraronka, haƙori zagayayye ne, ba zai taɓa fafe lungu mai tsini ba. Ɗan dashe zai fito da kaifin kusurwa, gurbi kuma ya fito da kusurwa mai lanƙwasa, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana shi shiga ko da lissafinka daidai ne. Ko dai ka dakushe tsinin ɗan dashe, ko ka ƙarasa lungun gurbi da wuƙa mai kaifi da siririn kurfi. Ni na biyun nake yi, domin tauraro mai dakusasshen tsini ya rasa rabin kyansa.

Ruwan da ke cikin katako

Wanda ya buɗe baki da hunturu shi ya fi taɓa mini zuciya, domin na sha irin wannan kunya. Shekarun baya na yi wa wani bawan Allah teburin falo na madaci, na dasa masa ado da farin katako a tsakiya, cikin watan Agusta. Falankin farin na saye shi a satin da aka sauke shi daga mota, mai sayarwa ya tabbatar mini busasshe ne, na taɓa na ji babu danshi, na yarda. Ranar da teburin ya fita ko bakin reza ba ya shiga tsakanin katakan biyu. A watan Janairu mutumin ya aiko a kira ni. Na tarar adon ya janye daga gefe biyu, ya tsage a tsakiya, ƙurar hunturu ta cika ratar ta yi fari fat. Bai faɗa mini baƙar magana ba, ya dai ɗora yatsa a wurin ya dube ni, kuma na fi son da zagina ya yi.

Abin da ya faru a bayyane yake. Yawancin katakon da muke aiki da shi daga ƙasashen gaɓar teku yake hawowa, ta Kwatano da Lome da Abijan da kudancin Nijeriya, inda iska ke ɗauke da laima shekara duka. Katako yana shan ruwa daga iska yana kuma mayar mata har su daidaita. Inda laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari, katako yakan tsaya da ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. Inda ta sauka zuwa kashi 20, kamar yadda take yi a Adar, yankin Tawa, da rani har ma ƙasa da haka, ruwan yakan koma tsakanin kashi 4 da 5. Katako kuma ba ya tsukewa ta tsawon zarensa sai abin da ba a rasa ba, ta faɗi yake tsukewa, kuma a yawancin itatuwa kowane kashi ɗaya na ruwa da ya fita yana rage faɗin da kimanin kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin ɗari. Ado mai faɗin santimita 6 da ya zubar da kashi 8 na ruwansa yana neman ya rage da milimita ɗaya ko fiye. Gam zai riƙe shi iya ƙarfinsa, daga nan ko baki ya buɗe ko tsakiya ta tsage.

Tun daga teburin nan ba na dasa katakon da bai zauna a shagona ba. Nakan tsaga falankin adon siriri tun da wuri, in jera shi a inuwa da ƴan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa, ba a rana ba domin rana murɗe shi take yi. Siririn falanki sati biyu zuwa uku ya ishe shi da rani, mai kauri kuwa sai ya ga hunturu guda. Wanda ba shi da na'urar auna laima ya ɗora guntu a kan sikelin masu awo duk bayan kwana uku, ranar da nauyin ya daina sauka ya daidaita da iskar garin. Katakan biyu, na jiki da na ado, su kwana wuri ɗaya. Sannan zaren ɗan dashe ya bi zaren jikin da aka dasa shi, domin su kumbura tare su tsuke tare. Wanda ya gicciye zare a babban ado ya ƙulla rigimar da za ta tashi kowace shekara. Idan da zaɓi, aikin dashe na rani ya fi na damina aminci, domin abin da aka haɗa a bushe damina matse shi za ta ƙara yi. A kan filawud ko MDF da aka lulluɓe da ɓawon katako jikin ba ya motsi sosai, to a nan ado ya zama siriri kuma busasshe ƙwarai.

Kada ka raina itatuwanmu na gida wurin neman launi. Aduwa tana ba da rawaya mai haske da zare mai laushi, ƙirya tana ba da ja mai duhu da tauri, kuma guntayen da suka daɗe a ƙasar nan sun riga sun saba da iskarta. Maɗobiya kyakkyawa ce, amma saranta ya yi yawa a Afirka ta Yamma har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare itatuwa da namun daji, ke taƙaita cinikinsu tun 2017, don haka ni ragowar tsofaffin kaya kawai nake amfani da su.

Wurin mannawa, ka ɗan goge kaifin gefen ƙasa na ɗan dashe domin ya sami hanyar shiga, kuma wurin gwaji kada ka danna shi har ƙasa, wanda ya zauna daidai ba ya fitowa sai a farfashe. Farin gam na kafintoci ya isa, a shafa siriri a ƙasa da bangon gurbi, domin idan ya yi yawa ba shi da mafita, zai hana adon zama. Da zafin Afrilu gam yakan yi fata cikin ƴan mintuna, saboda haka ka shirya komai kusa kafin ka buɗe gwangwani, ko ka yi aikin da sassafe. A ɗora takarda da guntun katako a kai, a matse, a bari ya kwana. Wurin daidaita fuska na fi son kankara da ƙarfe, ko da fasasshen gilashi kamar yadda maigidana ya koya mini, domin samfefa tana kwasar jan gari ta cusa shi cikin ramukan farin katako ya koma ruwan ƙasa. Ka rufe hanci da ido duk lokacin da injin ke aiki, musamman a kan loko, wanda ƙurarsa ke sa ƙaiƙayin fata da sarƙewar numfashi.

Wannan hanya tana da iyaka. Duk reshen ado da ya fi kaurin haƙori ƙunci ba zai yanku ba, shi ya sa siraran ƙahonin jinjirin wata da ƙananan tsinayen alamar Agadas suke komawa aikin wuƙa da kurfi. Dagi mai saƙa kuma ba a yin sa da gabari ɗaya a zama ɗaya: ana dasa zare guda, ya bushe, a kankare, sannan a fafe gurbin na biyu ta kansa. Ga ado guda ɗaya tak da ba za a maimaita ba, sau da yawa ya fi sauri a yanke shi da hannu, a ɗora a zagaye shi da wuƙa, a fafe tsakiya da inji a ƙarasa baki da kurfi. Gabari yana biyan wahalarsa ne idan ƙyamare shida ko kan gado goma za su ɗauki ado iri ɗaya.

Ƙyauren da ya riga ya buɗe kuma bai mutu ba. Idan ratar kamar gashi ce, garin jan katakon da aka kwaɓa da ɗan gam zai rufe ta, a yi da launin mai duhu domin ido ya ɗauka inuwa ce. Tunda ka ce farce na shiga, ta wuce nan. Ka bari sai tsakiyar rani lokacin da ya gama tsukewa, ka mayar da gabarin daidai wurinsa, ka bi layin haɗin da haƙorin a zurfin milimita 2, sannan ka cusa siririn zaren katako mai duhu a hanyar da ya bari, kana jiƙa shi da ruwan zafi a inda zai lanƙwasa. Ka fara gwadawa a guntun banza har zoben da ka zaɓa ya sa haƙori ya hau kan ratar sosai, kafin ka kusanci ƙyauren mai kaya.